Daga Zauren Malam Zuwa Makarantar Aristo: Kwana Goma Sha Ɗaya a Ƙasar Girka

Ina ɗan shekara goma sha bakwai malaminmu ya buɗe mana Sullam, waƙen nan na ilimin manɗiƙi (ƙa'idojin tunani da kafa hujja) da Shehu Abdurrahman Al-Akhdari ya rubuta, wato mai Ahalarin da kowane ɗan makarantar zaure ya sani. Kafin a ja baiti ko ɗaya ya gaya mana cewa asalin wannan ilimi na Yunanawa ne, wani mutum da ake kira Aristo ya tsara shi, daga baya Musulmi suka karɓa suka gyara. Tun ranar sunan Yunan ya zauna mini a rai. Shi ya sa da takardar gayyata ta zo mini zuwa wani taron malamai na kwana uku a Tasalonika, wani birni a ƙasar Girka, wato Yunan ɗin nan, na ƙudura zan ƙara mako guda daga aljihuna in ga ƙasar da idona.

Biza a Abuja na nema. Kuɗinta yuro 90 ne, ban da inshorar lafiya da takardun banki da shaidar masauki, kuma a lokacin yuro ɗaya yana kai-kawo a wajen naira 1,700. Sai da na yi mako uku ina jira. Na tashi daga Abuja da dare, asuba ta yi mini a Santambul, daga nan kuma tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce zuwa Atina. Ta tagar jirgi na fara fahimtar ƙasar: teku shuɗi, tsibirai warwatse a cikinsa kamar an watsa tsakuwa a kan tabarma, can kuma duwatsu a bayan duwatsu. Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar tsaunuka ne, tana da tsibirai wajen 6,000, amma 227 ne kaɗai ake zaune a cikinsu. Mutanenta duka sun ɗan haura miliyan 10, ba su kai jama'ar jihar Kano ba.

Jami'in shige da fice ya duba takardar gayyata da tikitin komawa, ya buga hatimi bai ce uffan ba. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a kan yuro 9, minti arba'in ya kai ni tsakiyar birni. A hanya ina ta kallon allunan tasha, sai na ga ashe haruffan tsofaffin sani ne: ga alfa, ga bita, ga sigma, ga fai, duk waɗanda muka sha fama da su a darasin lissafi, a nan da su ake rubuta sunan unguwa da farashin burodi. Mu muna ce musu Girkawa, Larabawa suna cewa Yunan, su kuwa sunan ƙasarsu a bakinsu Elada.

Na sauka a wani ƙaramin otal kusa da dandalin Omoniya, yuro 55 kwana ɗaya. Ɗakin bai fi shagon tela ba, amma tsaf yake. Dattijuwar da ke kula da wurin ita ta fara koya mini al'adar garin ba tare da ta sani ba. Na tambaye ta ko akwai ruwan zafi, ta ce "ne", na ɗauka a'a take nufi, ashe "ne" a wurinsu shi ne e. Da na tambaya ko suna yin abincin dare kuwa, sai ta ɗaga haɓa sama ta yi ɗan tsaki. A gida wannan raini ne. A can ba komai ba ne illa a'a, kowa haka yake yi, yaro da babba. Abin da ya fi ba ni mamaki da yammacin ranar na gan shi a bakin titi: wani mai babur ya sha gaban wani mai tasi, mai tasin ya zuro hannu ta taga ya ware yatsu biyar ya watsa masa. Daƙuwa ce sak, irin ta Kasuwar Kurmi, ma'anarta ma ɗaya. Suna kiranta "muza", kuma saboda ita Bagirke ba ya nuna lamba biyar da tafin hannu yana kallon mutum.

Abinci sai da lura. Tsiren da suke ji da shi, subulaki, yawanci na alade ne, haka naman da ake yankowa daga sandar nan mai juyawa. Wani matashi da na ji yana waya da Hausa a bakin tasha, ɗan Zangon Kumasi mai sayar da jakunkuna, shi ya ja mini kunne. Ya ce, "Malam, in ba ka ga rubutun halal ba, ka tsaya a kan kifi da wake da ganye, ba za ka ji yunwa ba." Gaskiya ya faɗa. Miyar wakensu, fasolada, da man zaitun da burodi ta riƙe ni kwanaki. Akwai kwaɗon tumatir da kokwamba da albasa da zaitun, a ɗora masa ƙaton yankin cuku mai gishiri. Da safe kuwa kuluri nake saya, wani burodi ne zagayayye kamar awarwaro da aka barbaɗe da riɗi, bai kai yuro ɗaya ba. Kindirmonsu ya fi namu kauri, cokali yana tsayawa a ciki, zuma suke zuba masa.

Ranar Alhamis da sassafe na hau Akrofolis. Tikiti yuro 30 ne, kuma da lokacin shigarka a rubuce, domin ba a barin fiye da mutum 20,000 a rana. Dutse ne tsaye a tsakiyar birni kamar Dala, sai dai ya fi Dala faɗin kai. Ƙafafun mutane sun goge duwatsun hanyar har suna santsi, dole ka taka a hankali. Da na wuce ƙofar shiga na ɗaga kai, sai na tsaya cak. Na sha ganin hoton Fartenon, babban ginin da ke kan dutsen, amma hoto ba ya nuna girma. Ginshiƙi takwas ne a gaba, goma sha bakwai a gefe, kowanne ya fi mita 10 tsawo, an sassaƙo su daga farin dutsen tsaunin Fenteli mai nisan kamar kilomita 16. An fara ginin a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin shugabancin Ferikilis, aka gama komai a 432. Shekara goma sha biyar ke nan, ba inji, ba siminti. Idan ka tsaya a kusurwa ka sa ido a kan matakalar, za ka ga tsakiyarta ta ɗan tasa sama. Da gangan suka yi haka, don ido ya ga ginin a miƙe daga nesa.

Ɗakin bautar gunkiyarsu Atina ne tun farko, wadda birnin ya ci sunanta. Da ƙasar ta karɓi Kiristanci aka mayar da shi coci, ya yi ɗaruruwan shekaru a haka. Turkawan Daular Usmaniyya suka karɓi dutsen a 1458, ba a daɗe ba ya zama masallaci, har da hasumiya, kuma gindinta yana nan a kusurwar kudu maso yamma. Na daɗe tsaye a wannan kusurwa ina tunanin an taɓa kiran salla daga nan. Ginin ya haura shekara dubu biyu da ɗari ɗaya a tsaye. A watan Satumban 1687 sojojin Banis, birnin da ke Italiya a yau, suka kewaye dutsen, Turkawa kuma sun tara albarushi a ciki, harsashin igwa ɗaya ya faɗa, tsakiyar ginin ta tarwatse da mutanen da suka fake a wurin. Kowane ɓangare yana da nasa alhakin a wannan ɓarna.

Sauran ɓarnar a gidan tarihin da ke gindin dutsen ake ganinta, wanda aka buɗe a 2009. Daga 1801 jakadan Ingila a Santambul, Elgin, ya sa aka ɓamɓare kusan rabin sassaƙen da suka rage aka yi Landan da su, a 1816 gwamnatin Ingila ta saye su. Girkawa ba su yi dogon surutu a bango ba. Sun jera abin da ke hannunsu, dutse mai launin zuma, inda babu kuma suka cike da farin kwafi na farar ƙasa, kowa ya gani da idonsa. Akwai mutum-mutumin 'yan mata shida da suke ɗauke da rufin wani ɗaki a kawunansu kamar masu tallar nono. Biyar suna tsaye, an bar gurbin ta shida fayau, tana Landan. Wata malamar firamare ta kawo ɗalibanta, na ga ta tsayar da su a gaban gurbin tana yi musu bayani. Ba na jin yaren, amma na san abin da take faɗa, domin mu ma tagullan Benin da aka kwashe a 1897 da yawansu suna gidan tarihin Landan ɗin da aka ajiye waɗannan sassaƙe.

Abin da ya fi ci mini rai a kan dutsen shi ne ma'aikatan gyara. Tun 1975 suke wannan aiki. Masu gyaran farko sun ɗaure duwatsun da ƙarfe, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa su, yanzu ana zare shi ɗaya bayan ɗaya ana sa wani ƙarfe da ba ya tsatsa. Na ga wani dattijo zaune da kurfi da ƙaramar guduma yana sassaƙa sabon dutse don ya shiga gurbin da bai fi tafin hannu ba. Kowane ɓaraguzi a filin da lambarsa a jiki. Sai ganuwar Kano ta faɗo mini, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, shekara ɗari tara da suka wuce. Da idona na ga ana ɗibar ƙasarta a kura ana kai wa magina, na ga an yanka ta an kafa shaguna. Ƙasa ba dutse ba ce, na sani, ruwan sama ma yana cinta. Amma abin da hannunmu ya ci ya fi na damina.

Daga nan na gangara Agora, tsohuwar kasuwa kuma dandalin birnin. A ƙaramin gidan tarihinta akwai wasu abubuwa da suka fi ginshiƙan burge ni. Na farko katangar tukwane ce, fasassu, kowace da sunan mutum a karce. Sau ɗaya a shekara mutanen Atina suna iya taruwa kowa ya rubuta sunan ɗan siyasar da yake ganin ya fara fin ƙarfin gari, wanda sunansa ya fi yawa sai ya bar birnin shekara goma, ba a taɓa dukiyarsa ba. Na biyu wani allon dutse ne mai ramuka a jere, inda ake cusa alamar sunayen mutane a yi ƙuri'a don fitar da masu shari'a, saboda kada a san wanda za a saya tun da wuri. Na uku tukunya ce mai huda a gindi: mai magana a kotu yana da lokacin da ruwan zai tsiyaye, kamar minti shida. Wannan tsari da aka kafa a wajen 508 kafin Miladiyya shi ne suka kira dimokuraɗiyya. Sai dai mata ba sa ciki, bayi ba sa ciki, baƙi ba sa ciki, kuma irin wannan kotun ce ta yanke wa masanin falsafa Sukurat hukuncin shan guba a 399 kafin Miladiyya, bisa zargin ɓata tarbiyyar matasa da ƙin allolin gari.

Wurin da ya kawo ni ƙasar kuwa da la'asar na same shi, a bayan wani titi kusa da majalisa. Likiyon ke nan, makarantar da Aristo ya kafa a 335 kafin Miladiyya. An yi ƙarnoni ba a san takamaiman inda take ba, sai a 1996 ana haƙa harsashin wani gini aka ci karo da ita, aka buɗe wa jama'a a 2014. Ba ginshiƙi, ba rufi. Gindin bango ne da bai wuce gwiwa ba, da ragowar wurin wanka, da filin da matasa suke kokawa, an shuka itatuwan zaitun da ganyaye masu ƙamshi a kewaye. Ni kaɗai ne a ciki sai mai gadi da kyanwoyi biyu. An ce yana koyarwa ne yana tafiya, shi ya sa malaman Larabawa suke kiran mabiyansa Mashsha'una, wato masu tattaki. Na zauna a benci na bi hanyar a zuciyata: daga wannan fili zuwa Iskandariyya, zuwa hannun masu fassara na Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, irin su Hunainu ɗan Ishaƙ, zuwa Farabi da ake kira malami na biyu saboda Aristo ne na farko, zuwa wani saurayi ɗan shekara 21 a ƙasar Aljeriya, wato Al-Akhdari, da ya mayar da ilimin waƙe, zuwa buzun malaminmu. Har Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Rumfa, sai da ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi yana kare halaccin karanta manɗiƙi. Alƙalamin da muka rubuta darasin da shi ma, sunansa ya biyo ta Larabci ne daga "kalamos", wato kara a yarensu, kamar yadda dirhami ya fito daga dirakma. Na karanta baitocin farko na Sullam a hankali, na yi wa malamaina addu'a, na tashi.

Da magariba na tsaya a dandalin Sintagma ina kallon canjin masu gadi a gaban majalisa. Sojoji ne dogaye, da jar hula mai tunku, da takalma masu ƙusoshi da tuntu a baki, da wani ɗan fatari mai ninki. Na kusa da ni ya ce ninkin 400 ne, kowane ɗaya a madadin shekara guda ta mulkin Turkawa. A nan na fara gane yadda suke kallon wancan zamani. Abin da ni nake gani a matsayin tarihin Musulunci a Turai, su shekarun mamaya ne a wurinsu, kuma ranar 25 ga Maris ta kowace shekara suna bikin tawayen 1821 da ya kai su ga 'yanci.

Washegari Juma'a na ga abin da wannan ya haifar. A Monastiraki akwai masallaci mai ƙubba da aka gina a 1759, kyakkyawa, yana kallon kasuwa, amma ba a salla a ciki, kayan tarihi ne. Ɗan Kumasin nan ya zo ya ɗauke ni muka tafi unguwar Botanikos, inda gwamnati ta gina masallaci aka buɗe a Nuwamban 2020, na farko da hukuma ta amince da shi a Atina tun bayan tafiyar Turkawa. Gini ne fari mai kusurwa huɗu a cikin tsohon filin sojan ruwa, tsakanin ɗakunan ajiyar kaya, ba hasumiya, ba lasifika a waje, yana ɗaukar mutum kamar 350. Mun cika shi har waje: 'yan Pakistan, 'yan Bangaladash, Larabawa, 'yan Afirka. A hanyar dawowa abokina ya ce shi sauran salloli a wani ɗakin ƙarƙashin bene yake yi, irinsu suna da yawa a birnin. Ya ce abin da ya fi damunsu maƙabarta ce, in ɗan'uwa ya rasu sai an yi karo-karo a kai shi arewacin ƙasar ko a mayar da shi gida. Shekararsa tara a can, takardunsa ba su gama daidaita ba. Na tambaye shi ko zai koma. Ya ce, "Malam, da me zan koma?"

Asabar na kama motar Delfi, awa uku, kuɗin bai kai yuro 20 ba. A gefen hanya kana ta ganin wasu 'yan akwatuna kamar ƙananan coci a kan sanda, da fitilar mai a ciki. Alama ce ta inda aka yi haɗari, wani ya mutu ko ya tsira. Delfi a gefen tsaunin Farnasos take, a ƙarƙashinta kwari ne cike da itatuwan zaitun har bakin teku. Nan ne suka ɗauka cibiyar duniya, har da dutsen da suke kira cibiya, kuma nan sarakuna suke aiko da kyautai don wata mata mai duba ta faɗa musu abin da zai faru. Amsoshinta masu baki biyu ne. Sarki Kurosos na Lidiya ya tambaya ko ya yaƙi Farisa, aka ce masa in ya yi zai rushe babbar daula, ya tafi, ashe tasa ce. Bokan ko'ina dabararsa ɗaya.

Daga Delfi zuwa Kalambaka sai da na canja mota sau biyu. Da muka sauka filin Tesaliya sai na ga kamar Funtuwa na nufa: gonakin auduga hagu da dama, lokacin cira ne, fararen ɓurɓushinta sun taru a gefen kwalta. Girka ce ke noma mafi yawan audugar Tarayyar Turai. A ƙarshen filin duwatsun Meteyora suka tashi, dogaye tsaye kamar rumbuna, a kan kowane kai kuma gidan sufayen Kirista. Tun ƙarni na 14 suka fara hawa suna gini a can don neman kaɗaici da tsira, gidajen sun taɓa kai 24, yanzu shida ne ke da mutane. Da igiya da raga ake jawo mutum da abincinsa, sai a shekarun 1920 aka sassaƙa matakala. Na hau ɗaya, ƙirjina yana bugawa. A bakin ƙofa akwai zannuwa da ake ba matan da suka zo da wando su ɗaura, kuma ban ga wadda ta yi gardama ba. Wani sufi mai baƙar riga da dogon gemu yana zaune yana jan wata igiya mai ƙulle-ƙulle yana motsa baki. Bai ɗago ya dube mu ba.

Tasalonika gari ne na bakin teku, ya fi Atina sakin jiki. An kafa shi a 315 kafin Miladiyya, aka sa masa sunan 'yar'uwar Iskandar Mai Girma, wanda Aristo ya koyar yana yaro. A babban dandalin garin akwai mutum-mutumin Aristo a zaune, ɗalibai sun shafe babban yatsan ƙafarsa har yana ƙyalli. Taronmu ya tafi lafiya, ba zan cika ku da shi ba. Abin da ya zauna mini shi ne Rotonda, wani zagayayyen gini da Rumawa suka yi a wajen shekara ta 306, ya zama coci, ya zama masallaci, hasumiyarsa kuma ita kaɗai ta rage a tsaye a garin da Turkawa suka riƙe daga 1430 zuwa 1912. A garin aka haifi Mustafa Kamal Ataturk. Ya kuma taɓa zama gari mai ɗimbin Yahudawa, wajen 50,000, waɗanda 'yan Nazi suka kwashe a 1943, kaɗan ne ƙwarai suka dawo.

A wani gidan shayi na tsofaffi na zauna da wani dattijo da ya yi aikin jirgin ruwa, ya san Legas da Fatakwal. Da ya ji daga inda nake sai ya hau lissafo mini Leventis da Mandilas, da ɗan ƙwallon kwandon nan Yanis Adetokumbo da aka haifa a Atina, iyayensa 'yan Najeriya. A hannunsa akwai wani abu kamar carbi yana kaɗawa, ƙwayoyin suna ƙas-ƙas. Na tambaye shi ko zikiri yake yi. Ya ce a'a, kombolo'i ne, na rage tunani kawai. Ya sa aka kawo mini gahawa a ɗan ƙaramin kofi, mai kauri, da guntun ƙasa-ƙasa a gindi, irin wadda na sha a Santambul, amma ya ce a nan gahawar Girka ake cewa. Sannan ya ba ni labarin kakarsa. Daga Simirna ta gudo a 1922, garin da yanzu ake kira Izmir, da jariri a hannu da mabuɗin gida a wuya. A 1923 Girka da Turkiyya suka sa hannu a Lozan a kan musayar jama'a: Kiristoci fiye da miliyan ɗaya suka bar Turkiyya, Musulmi wajen 400,000 suka bar Girka. Addini aka duba, ba harshe ba, don haka akwai waɗanda aka kawo Girka ba sa jin Girkanci, akwai waɗanda aka kai Turkiyya ba sa jin Turkanci. Ya ce gidan da aka ba kakarsa na wasu Musulmi ne da aka kwashe, ta tarar da tukwanensu a murhu, kuma har ta mutu tana cewa ko'ina suke Allah ya sa su ma sun sami na wani. Sunan mijinta aka sa masa, don su ma kamar mu suna mayar da sunan kakanni. Na yi na yi in biya kuɗin gahawar, ya ɗaga haɓa ya yi tsakin nan. Ya ƙara da cewa a matsin tattalin arzikin 2015, lokacin da ba ka iya cirar fiye da yuro 60 a rana daga banki, ko a lokacin bai bar baƙo ya biya ba.

Shi ya ce mini in ina son Juma'a sosai in tafi Komotini. Musulmin yankin Tirakiya ta Yamma an tsame su daga musayar 1923, kamar yadda aka tsame Girkawan Santambul, don haka suna nan, sun haura dubu ɗari. Tafiyar awa uku ce gabas. Ina sauka daga mota na ji abin da na yi kwana tara ban ji ba: kiran salla a sarari, daga hasumiya. Na tsaya da jakata a hannu har aka gama. Na yi salla a tsohon masallacin da ke cikin kasuwa, huɗuba da Turkanci, jama'ar 'yan mazhabar Hanafiyya ne, tsofaffi da hulunan saƙa, manoman taba da masu shaguna. Hasumiya da hasumiyar ƙararrawar coci suna kallon juna a tazarar jifa. Bayan an sallame wani tsoho ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ba mu da yare ɗaya. Na ce Najeriya, ya ce Masha Allah, ya ja ni shagon ɗansa ya cika mini leda da soyayyen wake mai kama da gurjiya, abin da garin ya yi suna a kai, ya ƙi karɓar ko sisi.

A hanyar komawa 'yan sanda suka tsayar da motarmu, saboda yankin yana kusa da iyakar Turkiyya inda masu ƙetarowa suke bi. Mutum uku kawai aka nemi takardunsu a cikin motar, ni da wasu samari biyu, kuma ba sai an gaya mini dalilin zaɓen ba. Sun duba fasfo suka mayar mini da ladabi. Samarin biyu aka sauke su. Ta taga na ga ɗayansu, takalminsa duk taɓo, yana riƙe da 'yar leda, har muka sha kwana.

Na dawo ta Santambul ranar Asabar, da kwalbar man zaitun biyu a cikin kaya. Kwana uku da sauka na je gaishe da malam. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma zauren yana nan cike. Na durƙusa na miƙa masa kwalba ɗaya, na ce, "Allah ya gafarta malam, na je makarantar Aristo." Ya sa na kwatanta masa wurin, na faɗa masa gindin bangon da itatuwan zaitun da mai gadi. Ya tambaya ko har yanzu ana karatu a wurin, na ce a'a. Ya jinjina kai, ya shafa kwalbar ya ajiye ta a gefen buzu, sannan ya ce wa yaron da ke gabansa ya ɗora daga baitin da ya tsaya.